Malama Sauri da Jakar Ruwan Gishiri

Ba tafiyarta ce ta jawo mata sunan ba, don in dai tafiya ce, Malama Sauri ba ta da gaggawa ko kaɗan. Hannuwanta ne. Shekara ashirin da shida ta yi tana koyarwa a makarantar kurame, kuma tun farkon zuwanta yaran suka lura cewa idan zance ya yi mata daɗi, yatsunta har ɓacewa suke yi, sai wanda ya goge ne yake iya bin ta. Suka yi mata alamar suna, yatsu biyu a karkaɗa su kusa da kafaɗa. Malamai masu ji suka mayar da shi na baki, sunan ya bi ta har gida.

Ƙanwarta ce silar shigarta wannan aiki. Sanƙarau ya kama yarinyar tana shekara biyar, ta tashi ba ta ji. A gida kowa ya riƙa ɗaga mata murya kamar ihu ne zai buɗe kunnen. Ita kuwa Malama, tana 'yar shekara goma sha biyu, ita ke raka ta makaranta, ta tsaya a bakin taga tana kwaikwayon abin da ake yi a ciki. Da haka ta iya maganar hannu. Da ta gama karatun koyarwa, ba ta kai takardarta ko'ina ba sai can.

Ajinta yana ƙarshen baranda. Kujerun ba a layi suke ba, an lanƙwasa su ne kamar rabin da'ira don kowa ya ga hannun kowa. Kimiyya da lissafi take koya wa manyan ɗalibai. Idan surutu ya yi yawa, don kurame ma suna da surutu, sai ta kashe fitila ta kunna sau biyu, a nutsu.

Mijinta kurma ne, Mai Inji ake ce masa. A maɗaba'a yake aiki, gaban wani injin buga takardu da ƙararsa take korar kowa, shi kuwa ko a jikinsa. Tafin hannu yake ɗorawa a jikin ƙarfen ya gane inda matsala take tun kafin masu kunne su ji. Sun haɗu ne ranar da ta kai takardun jarrabawa a buga. Ya duba, ya gaya mata da hannu cewa akwai kuskure uku a tambayoyinta. Ta fusata, ta fizge takardar ta sake karantawa. Ashe huɗu ne. Shekarar ba ta ƙare ba suka yi aure. 'Ya'yansu biyu, babban yana aiki a wani gari, Auta kuma tana jami'a.

Duk inda Mai Inji zai shiga cikin masu ji, Malama ce kunnensa kuma ita ce bakinsa. Tana da doka ɗaya a tafinta: ba ta ragewa, ba ta ƙarawa. Ko zaginsa aka yi, sai ta isar masa yadda aka yi shi.

Tana shekara arba'in da tara ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, tana wanka da safe. Bai fi ƙwayar wake ba, kuma ba ya ciwo. Ba ta tsaya jan ƙafa ba. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama da allura, bayan kwana goma aka kira su.

Likitan ya sa su zauna, ya buɗe fayil. Kamar kullum, Malama ta juya kujerarta yadda mijinta zai ga hannuwanta sosai. Likita yana magana, tana fassarawa. Ya ce sakamako ya fito, ta nuna. Ya ce abin da aka samu ba shi ne aka so samu ba, ta nuna. Ya ce ciwon daji ne. Nan hannuwanta suka tsaya cak a iska.

Mai Inji ya taɓa gwiwarta. "Me ya ce?"

Ta dube shi. Da ta ga dama da ta ce ana son ƙarin gwaji, da sun koma gida ya ci abinci da daɗin rai ko na kwana ɗaya ne. Amma ta nuna masa kalmar. Daga nan ba ta sake tsayawa ba. Ciwon ya fito a wuri biyu cikin nono ɗaya, don haka cirewa za a yi gaba ɗaya. An gano shi da wuri, akwai kyakkyawan fata. Ta isar da komai tsaf, kamar labarin wata mata ce da ba ta sani ba. Sai da suka fito suka zauna a benci, sannan ta ga rigarta ta jiƙe sharkaf da gumi.

Mako na zagayowa aka tura su wajen wata likita, ƙwararriya a aikin sake gina jiki bayan tiyata. Doguwar mace ce marar yawan magana, nas-nas suna kiranta Likitar Gyara. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wata jaka ta roba mai taushi, faɗinta kamar tafin hannu biyu, a shafe babu komai a ciki.

"Idan aka cire nonon, fatar da za ta rage ba ta isa ta rufe sabo ba," in ji ta. "To a ranar aikin, sai in sa wannan jakar a ƙarƙashin tsokar ƙirjinki. Duk bayan mako biyu ki zo mu ƙara mata ruwan gishiri kaɗan da allura. Tana cika, fata tana miƙewa, kamar yadda cikin mace yake yi da juna biyu. Idan wuri ya samu, sai mu cire ta mu sa nonon roba na dindindin. Aiki biyu ke nan, kuma watanni ne, ba kwanaki ba. Akwai zafi. Wani lokaci ƙwayoyin cuta kan shiga, a koma baya. Ba dole ba ne, Malama. Mata da yawa ba sa yi, kuma suna zaune lafiya lau."

Mai Inji ya miƙa hannu aka ba shi jakar. Ya juya ta, ya matsa, ya ɗaga ta saitin fitila kamar wani ƙarfen inji da aka kawo masa gyara. Ya lalubo wani wuri mai tauri kamar ƙwandala a jikinta.

"Nan ne bakinta," in ji likitar. "Ta nan allura take shiga."

"Tambaye ta," ya ce da matarsa, "in kika yi atishawa ba za ta fashe ba?"

Malama ta fassara. Likitar Gyara ta yi murmushi, ta ce har yanzu ba ta ga wadda atishawa ta fasa wa ba.

A gida ne aka yi ta. Yayarta, wadda kowa ke kira Yaya har maƙwabta, ta zo da jakar kayanta tun kafin a neme ta. Ta gama sauraron bayani, ta tafa hannu.

"Ke yanzu fisabilillahi, shekara hamsin ba ɗaya, wa za ki yi wa gayu? A cire ciwo, ki gode wa Allah, ki huta. Wuƙa sau ɗaya bai ishe ki ba sai kin nemi ta biyu? Ai akwai wanda ake sawa a rigar nono, na soso, ba mai ganewa."

"Yaya, kin taɓa ganin yadda nake wurgi da hannu a aji? Kafin a fita tara soson nan ya koma hammata."

"To ki rage wurgin mana!"

"Ki tsaya ki ji. Ke idan kina magana, bakinki ake saurare, mutum na iya kallon rufi. Ni daga goshi zuwa nan," ta shafa ƙirjinta, "nan ne allona. Yara talatin nan suke zuba wa ido daga safe har a tashi. Ni, nawa, ina so, na ji daɗi, na ji tsoro, duk a ƙirji ake nuna su. Ba na son ina koya musu lissafi suna karanta ciwo."

Yaya ta taɓe baki. "Hujja dai ba ta yi miki wuya."

Gaskiyar Yaya ce, kuma Malama ta sani. Dalilin aji gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Tana so ne kawai. Ba a shawarce ta ba lokacin da ciwon ya zo, ba a shawarce ta ba kan cirewar. Wannan ne kaɗai abin da aka ajiye a gabanta aka ce zaɓi.

Bayan Yaya ta shiga kicin, Mai Inji ya matso. "In don ni ne, kada ki yi. Ni ba nono na aura ba."

"Wa ya ce maka don kai ne?"

Ya dube ta, ya yi dariyar nan tasa mai fitowa da ƙarfi don bai san ƙararta ba. "To shi ke nan. Na ɗauka ina da muhimmanci."

Aka yi aikin wata Talata da safe. Ta farka da bandeji naɗe da ƙirji, da wasu siraran bututu biyu da ke fitar da ruwa zuwa 'yan robobi da aka maƙala mata a riga. An kuma ɗebi 'yan ƙwayoyin kaluluwa a hammata don a gwada, sakamakon ya fito babu ciwo a cikinsu. Aka ce ba sai an yi mata gashi da na'ura ko ƙarin ruwan magani ba, ƙwaya ce za ta riƙa sha kullum na wasu shekaru.

Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne hannun hagu. Ya ƙi ɗaguwa. Daga gwiwar hannu zuwa sama kamar an ɗinke shi da haƙarƙari. Mace mai magana da hannu biyu ta koma mai hannu ɗaya, rabin kalmominta suka gutsure. Ta nemi ruwa, Mai Inji ya kawo mata tawul. Ta harare shi.

"Ba laifina ba ne," ya ce. "I'ina kike yi."

Dariya ta kama ta, ɗinkin ya ja, ta dafe ƙirji tana roƙonsa ya fita daga ɗakin.

Mai koyar da motsa jiki a asibitin ta nuna mata yadda za ta tsaya gaban bango ta riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo, kullum a ɗan ƙara. An ce sau uku a rana. Malama ta tambaya ko biyar zai yi illa, aka ce ta bi a hankali, ta tsaya a huɗu. Yaya tana daga kujera tana faɗin, "Ke dai ba kya jin magana," amma ita ce ke riƙe da agogo.

Mako uku bayan aiki aka fara cikon. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya da labule da tire na ƙarfe. Wata nas mai tabarau, gajeriya mai fara'a, ita ke yi. Takan ɗauko ɗan maganaɗisu ta yi ta yawo da shi a kan fatar har ya tsaya daidai bakin jakar, ta ɗiga alama da biro, ta goge wurin da magani mai sanyi, sannan ta soka allura. Sokawar ba ta jin ta, don fatar wurin ba ta ji tun bayan aikin. Turawar ce abin ji. Nas tana danna sirinji a hankali, Malama tana kallon ƙirjinta yana tasowa a gaban idonta, tana jin kamar ana ƙara ɗaure ta da waya daga ciki.

"Ya isa, ko in ƙara kaɗan?"

"Ƙara."

"Malama, ba gasa ake yi ba fa."

"Ƙara kaɗan dai."

Kwana biyu bayan kowane ciko ba ta iya jan numfashi ya kai ƙasa. Tsokar takan murɗe har baya. Abin kuma ba kama da nono yake yi ba a lokacin. Tauri gare shi kamar dutse, ga shi ya hau sama kusa da ƙashin wuya, ɗan'uwansa na dama yana ƙasa abinsa. Auta ta zo hutu ta rungume ta da gudu, ta ja baya tana shafa haƙarƙarinta. "Umma, me kika ɓoye a nan, kwano?"

Mako na bakwai ta koma aiki. Shugabar makaranta ta so ta ƙara hutawa, ta ce hutun ya ishe ta. Ta yafa mayafi mai kauri ta shiga aji. Ba a yi minti goma ba wata ɗaliba da ake wa laƙabi da Lauya, saboda ba ta barin tambaya ta kwana, ta ɗaga hannu.

"Malama, me ya sa ɗaya ya fi ɗaya tsawo?"

Kurame ba su iya kewaye-kewaye ba, abin da ido ya gani shi hannu ke faɗa. Malama ta ajiye alli. Ta yaye mayafin ta rataye a kujera, don dama yana hana ta motsi. Ta zana jakar a allo, ta zana tsoka da fata, ta yi musu bayanin ciwon da yadda aka cire shi da abin da ake yi yanzu. Samarin suka sunkuyar da kai, ta buga ƙafa a ƙasa suka ɗago. "Kuna da uwaye, kuna da 'yan'uwa mata. Ku kalla." Da ta gama aka yi ta muhawara kan wace alama za a ba jakar, tunda babu ita a maganar hannu. Aka tsaya a kan tafin hannu a ƙirji, a kumbura kumatu sau biyu.

An yi ciko biyar lafiya. Kwana huɗu bayan na shida, tana tsakiyar darasi ta ji sanyi yana ratsa ta alhali rana ta take. Da ta shiga banɗakin malamai ta duba, fatar ta yi ja, ta yi sheƙi, ga zafi kamar an ɗora garwashi. Ba ta koma aji ba, asibiti ta wuce.

Aka kwantar da ita, aka sa mata magani ta jijiya kwana biyar. Jan ya ɗan ja baya, ya sake dawowa. Rana ta shida Likitar Gyara ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta saba yi ba.

"Mun yi iya ƙoƙarinmu, Malama. Ƙwayoyin cutar sun manne wa jakar. Dole a cire ta."

"A wanke a mayar mana."

"Ba ya yiwuwa yanzu. Sai jiki ya huta, kamar wata shida. Bayan nan in kina so mu sake daga farko. In kuma kin ce ya isa, babu wanda zai ga gazawarki."

Aka cire. Ranar da aka kwance bandeji ta ga wurin, fatar da ta sha wahalar miƙawa wata uku ta koma ta yamutse ta lotsa ciki. Ba ta yi kuka ranar da aka ce ciwon daji ne ba, ba ta yi ranar aiki ba. Ran nan ta yi, har da shessheƙa. Yaya, wadda Malama take jiran ta ce ai na faɗa miki, ba ta faɗa ba. Ruwan ɗumi ta haɗa, ta wanke mata baya, ta taje mata kai. Bayan kwana biyu ta je kasuwa da kanta ta sayo soson, ta ɗinke shi a rigar nono da zare mai ƙarfi yadda ba zai gudu ba.

Malama ta sa shi ta koma aji. Bai gudu ba, Yaya ta iya ɗinki. Amma wata ɗaya bai cika ba ta san za ta sake.

Ranar wata Asabar da hantsi ta gaya wa Mai Inji, suna shan shayi a tsakar gida. Ya ajiye kofi, ya rufe idonsa. Haka yake yi idan ba ya son jin magana, nasa kunnen uwar shegun ke nan. Ta jira. Ta ja hannun rigarsa. Da ya buɗe idon, sun kaɗa sun yi ja.

"Ba zan iya ba," ya ce.

"Ai ni za a yanka, ba kai ba."

"Ke barci kike yi. Ni ne a farke." Ya ture kofin gefe. "Aikin farko awa huɗu na yi a barandar nan. Ƙofa ta buɗe, mutum ya fito, bakinsa a rufe da ƙyalle, ko leɓe ba na gani. Wata nas ta fito da gudu. Na tare ta, ta yi mini magana ta wuce. Me ta ce? Ban sani ba. Na dubi Yaya tana share hawaye, na ce shi ke nan, kin tafi. Na rubuta mata a takarda, ta manta tabaranta a gida. Minti ashirin ina zaune a matsayin wanda matarsa ta mutu, kafin wani ya rubuta mini cewa lafiya kike. Na biyu ma kusan haka. Yanzu kina so in sake zama sau biyu?"

Shekara ashirin da huɗu Malama tana fassara masa duniya, bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa ranar da ta kwanta, duniyar tasa rufewa take yi gaba ɗaya. Ta sha jinin jikinta. Duk lissafin da ta yi na wannan aiki, zafinta kawai ta sa a ciki.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da wane hannu za ki amsa? Kina i'ina."

Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

"Ba zan fasa ba," ta ce. "Amma ba za ka sake zama haka ba. Ka ba ni wata biyar ɗin da suka rage."

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta ta wuce asibiti, ta tambaya ko suna da tafintan kurame. Babu. Ta nemi nas mai tabarau, ta zayyana mata komai. Nas ɗin ta cire tabaran ta goge, ta ce, "Wallahi ni ce na fito da gudun nan. Jini na je karɓowa na wata, ba ma naki ba. Ce masa na yi ya kwantar da hankalinsa."

"To zo in koya miki yadda ake faɗa."

Suka fara su biyu a ɗakin shan shayin ma'aikata, rabin awa duk Asabar. Mako na uku suka zama biyar, har da mai tura gadon marasa lafiya da wata mai ba da maganin barci. Malama ba ta ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu ba. Kalma talatin ta zaɓa: jira, an fara, an gama, tana lafiya, ta farka, ina ke ciwo, sha magani, kada ka ji tsoro. Ta sa su maimaita har hannu ya riƙe. Ta gaya musu su riƙa sauke ƙyallen baki idan sun fito, don rabin maganar a fuska take. Da suka ɗan iya, ta kawo Mai Inji ya yi musu jarrabawa. Ya zauna ya harɗe ƙafa yana girgiza kai, ya kayar da uku, ya ce su dawo mako mai zuwa.

Da wata shida suka cika, Likitar Gyara ta duba fatar, ta ce ta yi laushi, za a iya. Ta ƙara da sharaɗi: "Wannan karon ni ke cewa ya isa, ba ke ba. Kaɗan-kaɗan, duk mako uku."

"Na ji."

"Nas ta ba ni labarinki."

"Na ce na ji, Likita."

Aka mayar da sabuwar jaka. Malama ba ta ga abin da ya faru a baranda ba, Mai Inji ne ya ba ta labari da ta farka. Duk bayan rabin awa nas mai tabarau takan leƙo, ta sauke ƙyalle, ta nuna masa ana kan yi, tana lafiya. A ƙarshe ta fito da murna za ta ce an gama, ta farka, sai hannu ya kuskure, ta ce masa matarsa ta gama, ta ƙoshi.

"Na ce Alhamdu lillahi, ashe abinci kuke ci a ciki."

Ciko na biyun ya ɗauki wata biyar. Sauri ba halin da ake ajiyewa rana ɗaya ba ne, sau da yawa bakinta ya buɗe zai ce ƙara, ta mayar ta rufe. Kullum da safe takan duba fatar a madubi, ta auna zafin jikinta, ta rubuta a ɗan littafi. Sau ɗaya wurin ya ɗan yi ja, ashe gefen rigar nono ne ya goge ta. Bayan ciko na ƙarshe aka bar ta wata biyu fatar ta zauna, sannan aka yi aiki na huɗu, aka cire jakar aka sa na dindindin. Wannan bai kai awa biyu ba, washegari ta koma gida.

Sabon ya fi jakar taushi nesa ba kusa ba, kuma ya sauko daidai da ɗan'uwansa. Amma ba tsohon ba ne, ita ma ba ta yaudari kanta ba. Akwai tabo a gicciye. Ba ya jin taɓi. Da safe yakan fi sauran jikinta sanyi. Ta tsaya gaban madubi ta dube shi ta gaba, ta dube shi ta gefe, ta sa riga ta sake dubawa. Yaya tana bakin ƙofa.

"To, kin samu abin da kike so?"

"Na samu."

"Ya yi kyau," in ji Yaya, kamar ana ciro mata maganar da ƙugiya. "Amma ni da ban yi ba."

"Na sani, Yaya. Shi ya sa ba a ƙirjinki aka sa ba."

Likitar Gyara ta ce akwai ɗan ƙaramin aiki da ya rage in tana so, na yin kan nono da zana masa launi. Malama ta yi tunani kwana biyu ta ce a'a, nan ta tsaya. Ba gajiya ta yi ba, abin da take nema ne ta samu.

Yanzu shekararta hamsin da ɗaya. Tana shan ƙwayarta kullum, ƙwayar tana sa ta zufa ba gaira ba dalili, har ɗalibai sun saya mata mafici. Duk wata shida takan je a duba ta. An yi mata tayin komawa ofis, aikin zama, ta ce a ba mai so.

Ajin Asabar bai mutu ba. Sun kai goma sha huɗu, ɗakin shayi ya yi musu kaɗan, an ba su wani a bene. Watan jiya Likitar Gyara da kanta ta shigo ta zauna a kujerar baya. Matar da ke ɗinke jijiya siririya kamar gashi, ga ta an ce ta nuna ina kwana, yatsu sun cije.

"Likita, sake," in ji Malama.

Ta sake.

"Yanzu kin ce mini akuya. Saki kafaɗarki. Sake."